Sanarwar Bayan Taron Makafi da Masu Raunin Gani na Yankin Shagari da Boɗinga, Wanda Aka Yi a Mandera



Mu makafi da masu raunin gani na ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga, maza da mata, mun yi zama a Mandera albarkacin Ranar Farar Sanda, wadda duniya ke tunawa da ita kowace 15 ga Oktoba. Wakilai sun zo daga Kajiji da Lambara da Dandin Mahe da Horo Birni da garin Shagari, wasu kuma daga Sifawa da Danchadi da Tulluwa da cikin Boɗinga, duk da cewa kaka ce kuma kowane gida yana da aikin da ya baro a gona. Tare da mu akwai sarakunan makafi, da yaran da ke yi mana jagora da iyayensu, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya masu duba ido, da wasu ɗalibai 'yan asalin yankin nan da ke karatun kwamfuta a Sakkwato, waɗanda suka zo da wayoyinsu don a gwada komai a bainar jama'a.

Magana ɗaya ce ta tara mu, wato manhajojin nan na waya da ke duba wuri ta kyamara, su gane abin da ke ciki, su faɗa wa makaho da murya, wasunsu ma su yi ta yi masa ishara har hannunsa ya kai kan abin da yake nema. Mun daɗe muna jin labarinsu a rediyo da bakin 'ya'yanmu. Muka ga ya dace mu taɓa su da hannunmu, mu ji abin da za su iya a ɗakunanmu na ƙasa da tsakar gidajenmu, mu kuma faɗi ra'ayinmu tun kafin wani ya faɗa a madadinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Taron ya fara da sauraren mahalarta, domin mai ido yakan ɗauka hanya ce kaɗai damuwar makaho. Hanya damuwa ce, amma abin da ke cin rai kullum yana cikin gida. Makaho ya haddace ɗakinsa: buta na bayan ƙofa, carbi na rataye a ƙusa, makulli na ƙarƙashin matashi, rediyo na gefen tabarma. Muddin kowane abu yana mazauninsa, ba ya neman kowa. Da zarar yaro ya ɗauki butar ya ajiye ta taku biyu daga inda take, ko kaza ta ture moɗa, ko makulli ya suɓuce ya gangara, to abin ya ɓace ke nan, ko da yana dab da ƙafa. Sai lalube, sai kira, sai jira. Wani dattijo daga cikinmu ya ce ya saba da duhu shekara da shekaru, abin da har yau bai saba da shi ba shi ne kiran jika wuni zubur don a miƙo masa abin da ke gabansa. Wata uwa mai tufkar igiya ta ce takan rasa wuƙar yankan kabarta, ta yi ta shafa ƙasa tana tsoron kaifin wuƙar tana tsoron kunama, ga kuma ranar kasuwa ta matso. Da irin waɗannan matsaloli muka auna fasahar.

Bayanin da aka yi wa taron

Ɗaliban sun bayyana cewa na'ura ba ta gani yadda ɗan Adam ke gani. Hotuna ake nuna mata masu ɗimbin yawa, kowanne an rubuta sunan abin da ke cikinsa, wannan kofi ne, wannan kujera ce, har ta riƙe siffofin da ke maimaituwa, kamar baki da gindi da mariƙi da launi. In daga baya kyamara ta kawo mata sabon hoto, sai ta kwatanta shi da abin da ta riƙe, ta faɗi wanda ya fi kama da shi. Abin da ba a taɓa nuna mata ba, ba ta san shi ba, kuma sau da yawa ba ta cewa ba ta sani ba, sai ta laƙaba masa sunan abin da ya fi kusa da shi a karatunta. Taron ya riƙe wannan batu da kyau, domin kusan duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

An gabatar da manhajoji uku da ake saukewa kyauta. Seeing AI na kamfanin Microsoft ya fito a 2017 a wayoyin iPhone, bai kuma iso wayoyin Android, waɗanda su ne a hannun mafi yawan mutanenmu, ba sai a Disambar 2023. Mahalarta sun ji daɗi da aka faɗa masu cewa cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi akwai Saqib Shaikh, injiniya makaho. Manhajar tana karanta rubutu, tana bayyana wuri, akwai kuma sashen da ake kira Find My Things, inda mutum ke koya wa wayar kayansa na kansa: ya ɗauki 'yan gajerun bidiyo na makullinsa ta fuskoki daban-daban, ya raɗa masa suna, ranar da ya ɓace ya zagaya da wayar a ɗaki, ita kuma ta riƙa yi masa sautin da ke sauyawa yayin da yake matsowa. Lookout na kamfanin Google ya fito a 2019 don wayoyin Android, a 2024 kuma aka ƙara masa hanyar neman rukunin kaya bakwai, irin su wurin zama da tebura da banɗaki, yana faɗin ɓangaren da abin yake da nisansa. Ta uku ita ce Be My Eyes, wadda Hans Jørgen Wiberg, ɗan ƙasar Denmak mai raunin gani, ya fito da ita a 2015. Ita tana haɗa makaho ne da ɗan sa-kai mai ido ta kiran bidiyo, ya duba ta kyamarar ya faɗa masa abin da ke gabansa. A 2023 aka ƙara mata ƙirƙirarriyar basira mai bayyana hoto dalla-dalla da amsa tambaya a kansa.

An ambaci tabarau masu kyamara irin na OrCam da Envision. Farashinsu ya haura dala 1,000 nesa ba kusa ba, don haka taron bai tsaya a kansu ba.

Abin da gwaji ya nuna

An shimfiɗa tabarma a zaure aka jera kaya. Kofi, da kwalbar ruwa ta roba, da kujera, da cokali, da babur ɗin da ke ƙofar gida, duk an kira su daidai, nan take. Rubutun boko a jikin kwalin magani da buhun taki ma an karanta shi tsaf. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma taron ya yaba. Da aka zo kan kayanmu na gado sai lissafi ya rikice. Wata manhaja ta kira faifai hula, ta kira tulu tukunyar fure, ludayi kuma ta ce kayan kiɗa ne. Maburgi da lauje ba su samu suna ba gaba ɗaya. Sashen da ke yin dogon bayani a kan hoto ya fi ƙoƙari, domin ko bai san sunan faifai ba yakan ce wani abu ne zagayayye da aka saƙa, sai dai shi sai da intanet, kuma inda sabis ke ɗaukewa mun yi jira har mun gaji.

Hanyar koya wa waya kayan mutum ita ta fi jan hankalin taron. Wani malami daga cikinmu ya zaɓi takalminsa, domin neman takalmi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a yana cikin abubuwan da ke sa makaho ya tsaya sai kowa ya watse. Da aka ajiye takalmin shi kaɗai, wayar ta kai shi kansa ba tare da wahala ba, har zauren ya ɗauki kabbara. Da aka zuba takalman roba irinsa, launi ɗaya, sai ta riƙa kai shi kan na mutane. Wata yarinya 'yar jagora ce ta kawo dabara. Ta yagi jan ƙyalle ta ɗaura a maɗaurin takalmin, aka sake koya wa wayar, sai ga shi ta tsamo shi daga cikin tarin. Taron ya rubuta wannan a matsayin darasi ga duk wanda zai yi amfani da hanyar: kayan da ke da 'yan'uwa da yawa a kasuwa a yi masu alama mai launi tukuna.

Abin da ba mu zata ba shi ne haske. Makaho ba ya kunna fitila don kansa. Da yawanmu muna zaune a ɗakin ƙasa mai 'yar ƙaramar taga, muna aikinmu dare da rana, duhu bai dame mu ba. Kyamara kuwa sai da haske. Wata baiwar Allah ta yi ta juya wayar a ɗakin da aka kai ta tana cewa ta lalace, ashe ɗakin ne dulum. Sai da aka kunna tocilan wayar sannan ta fara magana, shi kuma tocila yana shan batir, a ƙauyukan da caji sai an kai shago an biya. Ga zafin bazarar Sakkwato da ke sa waya ta ɗauki zafi ta tsaya, ga ƙurar hunturu da ke rufe gilashin kyamara ba tare da mai wayar ya sani ba. Ga kuma tambayar da wani magidanci ya yi: sanda a hannun dama, waya a hagu, da wane hannu za a ɗauki abin in an same shi? An ba da shawarar jakar rataya a ƙirji mai ƙofar kyamara, wadda dukawa da telolinmu za su iya ɗinkawa, kuma tana rage haɗarin masu fizgen waya.

Wata wahalar ita ce saita kyamara, tun da makaho ba ya sanin ko abin ya shiga hoton. Wannan ba a nan kaɗai ba ne. A 2018 masu bincike a Amurka sun fitar da tarin tambayoyi sama da 31,000 da makafi suka yi a kan hotunan da suka ɗauka da kansu, mai suna VizWiz, aka samu sama da kashi ɗaya cikin huɗu ba sa amsuwa, domin hoton ya yi dishi-dishi, ko duhu, ko abin bai fito ba. Saita waya fanni ne da sai an koya, kamar yadda ake koyon riƙon farar sanda.

Dalilin da na'ura ba ta san faifai ba

Taron ya nemi jin dalili, aka kuwa ba shi. Babban rumbun hotunan da aka yi shekaru ana koyar da na'urori da shi, ImageNet, ya ƙunshi hotuna sama da miliyan 14, kuma bincike ya nuna kimanin kashi 45 cikin 100 na hotunan da aka bi diddiginsu daga Amurka suka fito. A 2019 masu bincike na kamfanin Facebook suka gwada manyan na'urorin gane kaya da hotunan gidaje na ƙasashe 54, suka samu cewa sun fi yin kuskure a gidajen talakawa, da tazarar kimanin kashi 10 cikin 100 tsakanin gida mafi ƙarancin samu da mafi wadata. Sabulun wani gida a ƙasar Nefal ma abinci suka kira shi. Hanyar koya wa waya kayan mutum ta samo asali ne daga wani tarin bidiyo mai suna ORBIT, guda 3,822 na kaya 486, wanda makafi da masu raunin gani suka ɗauka da wayoyinsu, aka fitar a 2021. Wannan ya nuna mana cewa in aka sa makafi cikin aikin tun daga tushe, abin da ke fitowa yana yi masu amfani. Sai dai waɗancan makafin ba a karkarar ƙasar Hausa suke ba, kayan ɗakinsu kuma ba irin namu ba ne.

Taron ya jinjina wa masananmu, irin su Idris Abdulmumin da Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsu, da suka fitar da Hausa Visual Genome a 2022, tarin hotuna 32,923 da bayaninsu cikin Hausa. Aiki ne mai daraja, shi ne harsashi. Amma bayanan fassara su aka yi, hotunan kuwa na wasu ƙasashe ne. Abin da ya rage shi ne hotunan kayanmu, a gidajenmu, cikin haskenmu: randa da akushi da muciya da mazubin hatsi da fartanya da igiyar ɗaure akuya, da sunayensu yadda ake faɗi a Sakkwato da Kano da Maraɗi. Wannan aiki ba wanda zai taso daga ƙetare ya yi mana shi, kuma mu a shirye muke mu ɗauki hotunan da hannunmu.

Harshe shi ne shinge mafi tsawo. Duk bayanin da wayoyin suka yi a zauren da Turanci suka yi shi, sai da ɗaliban suka riƙa fassarawa. Dattijon da ke neman butarsa da asuba ba shi da tafinta a gefe. Muryar da ke karanta fuskar waya ma in ta ci karo da Hausar boko sai ta karanta ta da lafazin Bature, ta tsallake haruffa masu lanƙwasa, har mai saurare ya kasa gane saƙon ɗansa. Ajami kuwa, wanda shi ne karatun da yawanmu kafin ido ya tafi, a gwajinmu ba mu ji an karanta shi daidai ba. Amma ƙofa a buɗe take. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google tun ƙarshen 2013, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, ƙirƙirarriyar basira mai jin Hausa da Yarabanci da Ibo. In an iya wannan, an iya sa murya ta ce wa makaho butarka na dama da kai, taku biyu.

An tattauna batun kuɗi. Takardun naira 100 da 200 da 500 da 1,000 girmansu ɗaya ne, kuma alamar da yatsa ke ji a sabuwar takarda takan shafe in ta sha hannu. Mai sayar da igiya ko tabarma ya dogara ne da amanar mai saye ko idon yaro. A gwajinmu, sassan gane kuɗi na manhajojin sun san dala da yuro, naira ba ta cikin jerin da muka samu. Karanta lambar da ke jikin takarda ya ɗan taimaka in ba ta yamutse ba.

Sirri da haɗari

Mata mahalarta sun ta da batun da ya kamata kowa ya ji. Kyamarar da ke neman ludayi a tsakar gida tana ɗaukar duk wanda ke tsakar gidan, har da matan aure da yara, makahon da ke riƙe da ita kuma ba ya ganin abin da ya shiga. In kiran bidiyo ne, baƙo ne ke kallo. In ƙirƙirarriyar basira ce mai aiki da intanet, hoton yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, ta 2023, ta ba kowa haƙƙin sanin abin da ake yi da bayanansa, amma sharuɗɗan da ake cewa a amince da su dogon Turanci ne. Taron ya amince cewa a riƙa yin sallama kafin a ɗaga waya a cikin gida, kamar yadda ake yi kafin a shiga, kuma kada a nuna wa baƙo katin banki ko lambar sirri.

Taron ya yi gargaɗi da babbar murya cewa na'urar tana iya faɗin kuskure cikin natsuwa, muryarta ba ta rawa. Saboda haka ba a dogara da ita ita kaɗai wajen tantance magani da adadin da za a sha, ko bambance kwalbar maganin feshi da ta abin sha, ko tsallaka titin Sakkwato zuwa Jega, ko tafiya kusa da rijiya da murhu. Farar sanda na nan a matsayinta, ita ke jin rami kafin ƙafa ta kai.

Yaran da ke yi mana jagora

A nan zauren ya yi tsit. Kowannenmu ya san yaron da ke riƙe masa sanda, ɗa ne ko jika ko ɗan ƙane, kuma ya san cewa sa'o'insa na aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ba ta kuma cire ɗan makaho ba. Ba ma ɓoye cewa buƙata ce ta sa muke riƙe su. Waya ba za ta raka mu kasuwar Shagari ba, amma in ta iya nemo buta da makulli da takalmi, ta karanta saƙo, to an sauke wa yaro rabin aikin da ke hana shi fita da safe. A wurin taron, wannan ita ce riba mafi girma da fasahar za ta iya kawowa, kuma da ita za mu riƙa auna ta: yara nawa suka koma makaranta.

Ido kafin waya

Ma'aikatan lafiya sun tunatar da mu sakamakon binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007. Kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a lokacin, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar ana iya kauce mata ko a magance ta. Yanar ido ita ce ta haddasa kashi 43, hawan jinin ido ya biyo da kusan kashi 17, Arewa maso Yamma kuma ita ta fi yawan makafi. Binciken ya kuma nuna sama da kashi 40 na idanun da aka yi wa aikin yana, masu kwantar da yana na gargajiya ne suka yi, kuma mafi yawansu makanta suka ƙare da ita. Ma'anar wannan ita ce a cikin zauren nan akwai waɗanda aikin likita na ɗan lokaci zai dawo masu da gani. Bai halatta a miƙa wa irin wannan mutum waya a ce an taimake shi ba, alhali ba a taɓa duba idonsa ba.

Matsayar taro da kiraye-kirayensa

Taron ya karɓi wannan fasaha hannu bibbiyu a matsayin mataimakiya, bisa sharaɗin a koya mata kayanmu da harshenmu, kuma makafi su kasance cikin masu koyarwar.

Muna kira ga sassan kwamfuta da na harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, su ɗauki wannan a matsayin aikin bincike na gaske: tara hotuna da bidiyon kayan gidan Bahaushe da Bafulatani da sunayensu, gina murya mai karanta Hausa da lafazinta, da manhaja mai aiki a waya mai araha ba tare da intanet ba. Makafin da za su ɗauki hotunan a nemi izininsu da na mutanen gidansu cikin Hausa, a biya su ladan aikinsu, a kuma dawo masu da abin da aka gina su gwada kafin a kai shi baje koli. Muna roƙon hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya su tallafa wa aikin da kuɗi, kamfanonin da suka yi manhajojin kuma su saka Hausa da naira a ciki.

Muna tunatar da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa cewa dokar hana nuna mana wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar na gyaran gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Kyamara ba ta rufe kwalbatin da aka bari a buɗe a ƙofar asibiti. Dokar ta kuma ware mana aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, muna son a fara da ɗaukar makafi masu ilimi su zama masu koyar da 'yan'uwansu waya.

Gwamnatin Jihar Sakkwato muna roƙonta ta sa koyon waya mai magana da saita kyamara cikin darussan Makarantar Musamman ta A. A. Raji, tare da rubutun makafi da riƙon sanda, ta kuma riƙa turo tawagar duba ido zuwa gundumomi a kai a kai. Shugabannin ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga su samar da wurin caji mai sola a kowace gunduma inda makaho zai yi caji kyauta, domin tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, ɗan abin da ke hannunmu ba ya kai ko'ina. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da masu hali su duba yiwuwar waƙafin waya da farar sanda, a fara da mata, domin a zauren nan su ne suka fi ƙarancin waya a hannu, kuma su ne ke yini cikin wuƙa da wuta.

Iyayenmu sarakuna da malamai da limamai, wannan ƙasa ce ta karatu, a Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa, a Boɗinga kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna. Kun fi mu sanin matsayin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ladanci, aka kuma bar masa riƙon Madina. Muna roƙon ku ja hankalin jama'a a huɗuba kan abu mai sauƙi da ba ya cin ko sisi: wanda ya ɗauki kayan makaho ya mayar da shi inda ya ɗauka, a kuma ware wa makafi gurbin ajiye takalmi a ƙofar masallaci.

A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin cewa duk wanda ba a taɓa duba idonsa ba za mu haɗa hannu mu kai shi asibiti, kuma ba za mu ƙara miƙa ido ga mai kwantar da yana ba. Kowace gunduma za ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su koyi manhajojin su koyar da sauran. Sarakunan makafi za su rubuta sunayen yaran da ke jagora, a zauna da iyayensu da shugabannin makarantu a tsara yadda za su riƙa shiga aji. Za a sake zama bayan an gama sussuka don jin inda aka kwana.

Taron ya gode wa masu garin Mandera da suka ba mu masauki, da matan da suka ciyar da baƙi, da ma'aikatan lafiya da ɗaliban da suka zo da kuɗin motarsu.

Kiranmu na ƙarshe ga matasa ne, maza da mata, masu babbar waya a Sakkwato da Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi. Ku sauke Be My Eyes ku yi rajistar sa-kai, domin makahon da ya kira ya samu mai amsa masa da Hausa. Wanda kuma ke da makaho a gidansu ko unguwarsu, ya zauna da shi yamma ɗaya ya kunna masa muryar karanta waya, ya riƙe hannunsa ya nuna masa inda kyamara take.

Allah Ya sa mu dace, amin.

Sa hannu:
Shugaban taro
Wakiliyar mata
Sakataren taro
A madadin dukkan mahalarta